CHRISTIAN OKOYE: Ɗan Najeriyar da aka hana zuwa Olamfik, ya koma ture ƙartin Amurka

 Ga rubutaccen shirin wannan makon, domin waɗanda data ba ta ba su damar saurare ba.

Abin da ya jawo maganar yau saƙo ne da wani ɗan'uwa ya turo mana daga Sundimina, a ƙasar Birnin Kudu. Ya ce sun je gidan kallo da dare, kafin a sa wasan da suka biya kuɗi dominsa sai mai gidan ya bar wata tasha da ake nuna wasu ƙarti da hulunan kwano suna ta karo da juna kamar raguna. Ya ce har aka canza tashar bai gane ina aka dosa ba. Tambayarsa ita ce, wai wannan wasa ne ko faɗa, kuma akwai ɗan Najeriyar da ya taɓa shiga cikinsa?

To ɗan'uwa, wasa ne, kuma 'yan Najeriya sun shiga da yawa. Yau za mu ɗauki guda ɗaya, wanda ya buɗe wa sauran ƙofa. Sunansa Christian Okoye.

Bari mu fara da wasan kansa, don kar mu riƙa magana a duhu. Amurkawa suna ce masa futbol, amma ƙwallon tasu doguwa ce mai tsini biyu kamar ƙwallon goruba da aka ja, kuma da hannu ake ɗaukar ta. Tsawon filin yadi 100 ne. Eh, yadin da kuka sani, wanda ake auna shadda da shi a kasuwa. Kowane ɓangare mutum 11. Wanda ƙwallo ke hannunsa ana ba shi dama huɗu ya matsa gaba yadi 10. In ya matsa, a sake ba shi wasu huɗun. In ya kasa, ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Wanda ya kai ta ƙarshen fili ya ci maki 6, shi ne suke kira tocdawun.

Hanya biyu ce ake matsawa. Ko a jefa ƙwallon sama wani ya cafe, ko a danƙa wa mutum ɗaya ya rungume ta ya kutsa cikin jama'a. Wannan mai kutsawar shi ne ranin bak, mu dai mu ce masa mai gudu da ƙwallo. Aikinsa ya fi na kowa shan duka, domin da zarar ƙwallo ta shiga hannunsa, mutum 11 ne ke neman kai shi ƙasa. Aikin da Okoye ya yi kenan.

An haife shi a Inugu ranar 16 ga Agusta 1961. Yana gab da cika shekara 6 yaƙin basasa ya ɓarke, kuma garinsu ne hedikwatar Biyafara ta farko har sojojin tarayya suka karɓe shi a Oktoban 1967. Ya taso kamar kowane yaron Najeriya, tamaula yake bugawa, har ya kai wajen shekara 17. Jikinsa ya yi ta girma, sai ya koma wasannin jifa: jifan faifai, jifan dalma da jifan guduma. Duk wanda ya yi makarantar kwana ya san su daga gasar gida-gida. Faifan maza kilo 2 ne, dalma kuwa kilo 7.26.

A 1982 ya tafi Amurka karatu, wata ƙaramar jami'a mai suna Azusa Pacific a jihar Kalifoniya. Wanda ya yi masa hanya abokinsa ne, ɗan tseren nan Innocent Egbunike, da ya riga shi zuwa makarantar. A can Okoye ya yi ta lashe gasar jifa ta ƙananan jami'o'i. Burinsa guda ne, kuma a bakin ƙofarsa yake: gasar Olamfik ta 1984 a Los Anjeles za a yi ta, tafiyar mota kaɗan daga makarantarsu.

Da jerin sunayen tawagar Najeriya ya fito, babu sunansa. Ya yi jifan da ya kai a ɗauke shi, amma masu zaɓe a gida suka tsallake shi. Aka yi gasar a maƙwabtansa yana kallo. Abokinsa Egbunike yana cikin mutum huɗun da suka ciyo wa Najeriya tagulla a tseren miƙa sanda na mita 400, ɗan dambe Peter Konyegwachie ya ciyo azurfa. Shi kuwa Okoye ya zauna da faifansa a hannu, yana gab da cika shekara 23, kuma sai bayan shekara huɗu za a sake wata Olamfik.

Cikin wannan ɓacin ran ne ya je wajen kocin ƙwallon Amurka na makarantarsu ya ce yana so ya gwada. Ku lura fa, yaran Amurka tun suna firamare suke fara wasan nan. Shi a shekara 23 bai san dokokinsa ba, kuma da ya fara kallonsa ma bai burge shi ba, saboda yawan tsayawa da ake yi. Ya sha ba da labarin cewa abin da ya ja hankalinsa wani gudu ne da ya gani a talabijin, wanda Marcus Allen na ƙungiyar Raiders ya yi a wasan ƙarshe na Super Bowl a Janairun 1984, gudun yadi 74. Ya ce shi ma gurbin wannan mutumin yake so. Ku riƙe sunan Marcus Allen, zai dawo.

Me masu horarwa suka gani a jikinsa? Tsayinsa mita 1.85, nauyinsa wajen kilo 115 zuwa 118, wato ya fi buhun masara biyu masu kilo hamsin-hamsin. Mai irin wannan jikin yawanci a layin gaba ake ajiye shi ya yi ture. Amma shi yana cinye yadi 40 cikin daƙiƙa 4.45, gudun da ake samu wajen siraran 'yan wasa. Shekarun jifan faifai sun gina masa ƙugu da cinyoyi da iya juyi. Abin da Najeriya ta ce ba ta buƙata, shi ne daidai abin da wasan Amurka ke nema da fitila.

Kaka uku kawai ya buga a jami'a. A 1987 aka zo rabon sababbin 'yan wasa na NFL, babbar gasar ƙasar, inda ƙungiyoyi ke zaɓar ɗalibai bi da bi. Ƙungiyar Kansas City Chiefs ta ɗauke shi a zagaye na biyu, shi ne mutum na 35 a duk faɗin Amurka. Yana gab da cika shekara 26, shekarun da wasu masu gudu da ƙwallo ke fara gangarowa.

Shekarar farko ya ɗauki ƙwallo sau 157, ya yi yadi 660. Ta biyu ya ji ciwo a babban yatsa, wasa 9 kawai ya buga, yadi 473. Ƙungiyar ma ba ta taɓuka komai ba, wasa 4 ta ci cikin 16 a 1988. A wannan tsakanin ne abokan wasansa suka laƙaba masa sunan da ya bi shi har yau, Nigerian Nightmare, wato mugun mafarki daga Najeriya, saboda ko a wajen atisaye ba wanda ke son tarar gabansa.

Sai 1989. Aka kawo sabon koci, Marty Schottenheimer, mutumin da tsarinsa bai da kwana-kwana: a tsare gida da kyau, a danƙa wa ƙato ƙwallo, a yi ta dukan abokan hamayya har su gaji. Okoye ya ɗauki ƙwallo sau 370 a kaka ɗaya. Ya yi yadi 1,480, ya kai ƙwallo ƙarshen fili sau 12. Ba wanda ya kai shi yawan yadi a duk NFL a shekarar, kuma shi ne ɗan Chiefs na farko da ya taɓa yin haka tun da ƙungiyar ta shiga gasar. Shekara biyar kenan da fara taɓa ƙwallon.

Akwai wani abu da ya faru a ranar ƙarshe ta kakar da ya kamata a faɗa, don adalci. Wani sabon yaro a ƙungiyar Detroit Lions, Barry Sanders, yana biye da Okoye da yadi 1,470, saura yadi 10 ya kamo shi. Ƙungiyarsa ta riga ta yi gaba a wasan, koci ya ce masa ya koma fili ya karɓe kambun. Sanders ya ce a bari, a ba wasu su buga. Haka kambun ya tsaya a hannun Okoye. Sanders sau 280 kawai ya ɗauki ƙwallo, domin shi zillewa yake yi kamar tarwaɗa. Okoye kuwa ba ya kauce wa kowa, ta kanka zai bi.

Yanzu mu yi lissafin da ba a cika yi ba. Raba 1,480 gida 370, zai ba ka 4 cif. Kowane ɗauka yadi huɗu, tsawon da bai kai shaddar babbar riga ba, sannan a haɗu a kai shi ƙasa. Ya tashi, ya koma layi, a sake. Sau 370. In ka mayar da yadin nan mita, aikin shekarar gaba ɗaya bai kai kilomita ɗaya da rabi ba. Yaron Sundimina da aka aika kai abinci gona ya fi haka tafiya kafin azahar. Bambancin shi ne, kowane taku huɗu na Okoye akwai mutum mai kilo 100 da ke jiransa da kafaɗa da hular kwano.

Jiki kuma yana rubuta bashi. A 1990 ya sauka zuwa yadi 805, ga ciwon kafaɗa, aka fara raba masa aiki da wani mai suna Barry Word. A watan Satumban shekarar, a wasan daren Litinin da duk Amurka ke kallo, suka je Denba. Okoye ya taho da ƙwallo kamar yadda ya saba, sai wani mai tsaron baya, Steve Atwater, wanda bai kai shi nauyi ba, ya tare shi gaba da gaba ya mayar da shi baya ya zube. An sa wa Atwater makirufo a jiki a ranar, don haka har ƙarar karon aka naɗa. Har gobe ana yawo da bidiyon. Wasu suna cewa daga ranar Okoye ya ƙare, amma alƙaluma ba su yarda ba: a 1991 ya dawo ya yi yadi 1,031, ya ci sau 9, aka sake zaɓarsa cikin gwanayen shekara karo na biyu.

Abin da ya gama da shi gwiwa ce. A 1992 yadi 448 ya yi, yawanci sai an zo dab da layin ci ake sako shi ya tura. A 1993 aka yi masa aiki a gwiwa, bai buga ko wasa ɗaya ba, daga nan ya ajiye. Kun san wanda Chiefs ta kawo a shekarar ya riƙe gurbin? Marcus Allen, mutumin da gudunsa ya jawo Okoye cikin wasan tun farko.

Jimillar aikinsa: kaka 6, wasa 79, ɗauka 1,246, yadi 4,897, ci 40. A lokacin ba wanda ya kai shi yawan yadi a tarihin ƙungiyar. A shekarar 2000 suka sa sunansa a jerin gwarazansu. Yaran Amurka na wancan zamanin kuma sun san shi ta wani wasan Nintendo na 1991 mai suna Tecmo Super Bowl, inda masu tare shi ke faɗuwa kamar an watsa su. Ya zauna a Kalifoniya, ya kafa gidauniya da sunansa mai shirya wa yara horon wasanni.

Shekara shida kawai, kuma a wannan gurbin ba a ce ya yi gajeren zango ba. Ku dubi Jay Ajayi, wanda aka haifa a Landan, iyayensa 'yan Najeriya. Ya yi yadi 1,272 a ƙungiyar Miami a 2016, ya ci Super Bowl da Philadelphia Eagles a Fabrairun 2018, bayan 'yan watanni jijiyar gwiwarsa ta tsinke, wasansa na ƙarshe a 2019 yana ɗan shekara 26. Shi ya sa a yau ƙungiyoyin NFL ba sa son ba mai gudu da ƙwallo doguwar kwantiragi. Sun san nawa jiki ke iya ɗauka, sun gwammace su kawo sabon yaro mai araha.

Gwiwa da kafaɗa ana ganinsu. Akwai abin da ba a gani, kuma a nan ne wani ɗan Najeriyar na biyu ya shigo labarin.

A waccan shekara ta 1989, mutumin da ke tsakiyar layin gaba na Chiefs, mai miƙo ƙwallo ta tsakanin ƙafafunsa sannan ya sa kai ya buɗe wa Okoye hanya, sunansa Mike Webster. Tsohon hannu ne, ya yi shekara 15 a Pittsburgh Steelers, ya ci Super Bowl huɗu, sannan ya ƙarasa shekara biyu a Kansas. Bayan ya bar wasa rayuwarsa ta rikice. Mantuwa, fushi, rashin barci, har ya koma kwana a cikin motarsa. Ya rasu a Satumban 2002 yana da shekara 50.

Likitan da aka kai wa gawarsa ya bincika a birnin Pitsbag shi ne Dakta Bennet Omalu, haifaffen ƙasar Anambara a 1968, tsakiyar yaƙin basasa. Ya yi karatun likita a Jami'ar Najeriya, ya yi aiki a Jos kafin ya tafi Amurka. Shi ma kamar Okoye, bai taso da wasan ba, don haka bai ɗauke shi abin da ba a taɓawa ba. A ido ƙwaƙwalwar Webster lafiya lau take. Omalu bai gamsu ba, ya sa aka yanka ta siri-siri aka duba da madubin likita, sai ga wani sinadari mai suna tau ya taru ya lalata ta, irin lalacewar da a da aka sani a wajen tsofaffin 'yan dambe. Ya wallafa bincikensa a 2005, cutar ita ce ake kira CTE. Likitocin NFL suka nemi a janye rubutun. Ba a janye ba. A 2013 NFL ta amince ta biya tsofaffin 'yan wasa dala miliyan 765, a 2016 kuma wani babban jami'inta ya amsa a gaban 'yan majalisa cewa akwai alaƙa tsakanin wasan da cutar. A 2017 masu bincike a Jami'ar Boston suka duba ƙwaƙwalen tsofaffin 'yan NFL 111, suka sami cutar a 110. Gaskiya ne iyalan da suka ga alamun ciwo ne suka fi ba da ƙwaƙwalen, don haka ba za a ce kowane ɗan wasa haka yake ba. Amma adadin ya isa ya sa mutum ya yi shiru. Wanda ke son ganin labarin Omalu, an yi fim ɗinsa a 2015, Concussion, Will Smith ne ya fito a matsayinsa.

To ɗan'uwa na Sundimina, ka ga abin da ka gani a gidan kallo. Ɗan Najeriya ɗaya ya nuna wa Amurka iyakar abin da jiki zai iya yi a wasan, wani ɗan Najeriyar ya nuna musu abin da wasan ke yi wa jiki, kuma mutum ɗaya ne, Webster, ya haɗa su.

Ni abin da ya tsaya min a rai shi ne 1984. Da an rubuta sunan Okoye a waccan takardar, wataƙila ya je ya yi jifa uku ya dawo, ba wanda zai tuna shi. Wataƙila kuma ya ciyo lamba. Allah ne masani. Abin da muka sani shi ne ƙasarsa tana da shi a hannu ta sake shi, waɗanda suka tsince shi kuma sun biya shi, sun ɗaukaka shi, sun kuma kwashe abin da ke gwiwarsa cikin shekara shida.

Kuma ba shi kaɗai ba ne aka tsinta da sa'a. Hakeem Olajuwon, wanda ya zama na ɗaya a rabon 'yan ƙwallon kwando na NBA a wannan shekara ta 1984, ƙwallon hannu yake bugawa. A wata gasar makarantun horon malamai da aka yi a Sakkwato a 1978 ne aka sa shi ya gwada kwando. Da ba a shirya gasar ba, da ba a gan shi ba. Yau NFL da kanta take zuwa nema. Tun 2017 tana da shirin ɗauko 'yan ƙasashen waje, tsohon ɗan wasanta Osi Umenyiora ya riƙa shirya gwaji a Najeriya, a 2022 suka yi babban sansani a Gana, kuma a 2023 wani matashi, Chukwuebuka Godrick, ya shiga Chiefs ɗin nan ta Okoye ta wannan hanyar.

Mu kuma a nan fa? Daga Birnin Kudu zuwa Gwaram, bayan an gama girbi, ku je dandalin kokawa da dambe ku ga ƙarfi. Ku je kasuwa ku ga yaron da ke saɓa buhu shi kaɗai ya hau da shi mota. Ba wanda ya taɓa auna gudunsa da agogo, ba wanda ya taɓa miƙa masa dalma ya ja tef ya rubuta. Abin da ya fitar da Okoye daga Inugu kenan fa, lamba a takarda: ga nisan da ya jefa. Malamin wasanni mai agogo da tef da littafi, a makarantar da ba ta bar gasar gida-gida ta mutu ba, ya isa ya fara wannan aikin. Ba sai an jira Abuja ba, mun dai ji yadda ta ƙare wa mai jira a 1984.

Ɗaya darasin na 'yan dambenmu ne da masu zuga su. Ƙwaƙwalwar ɗan Hausa da ta Mike Webster iri ɗaya ce. Wanda ya sha naushi ya faɗi, ya tashi yana layi ko bai san inda yake ba, kar a mayar da shi fili a ranar, ko da makaɗi ya wasa shi, ko da an yi masa liƙi. A kai shi asibiti, a bar shi ya huta. Amurkawa sai da suka binne mutane da yawa kafin su sa wannan doka.

Na ƙarshe: a 2028 Olamfik za ta koma Los Anjeles, garin da aka hana Okoye shiga fili. Kuma an sa ƙwallon Amurka cikin gasar, nau'in da ba a karo, wanda ake fizge ƙyalle daga ƙugun mai ƙwallo a maimakon kayar da shi. Okoye zai cika shekara 67 a watan Agustan shekarar.

Nan za mu dakata. Ku faɗa mana a ƙasa: a garinku wane ne ƙarfinsa ko gudunsa ya taɓa ba ku mamaki, ba sai kun kama suna ba, kuma me ya zama daga baya?